Robert Lowth (1710-1787) da Ma'aunin Waƙoƙin Ibraniyawa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nazarin waƙa a sashen Hausa ya ji an ambaci jerin sarƙe, an kuma raba masa shi zuwa jerin daidaito da jerin bambanto. Da yawa daga cikinmu mun haddace waɗannan sunaye, muna amfani da su wajen feɗe waƙoƙin makaɗa da na marubuta, amma ba kowa ya tsaya ya tambayi inda wannan rabe-rabe ya samo tushe ba. Gaskiya ne malaman balaga na Larabci sun daɗe da sanin ɗibaƙi da muƙabala. To, amma idan aka bi sawun jerin sarƙe a nazarin adabi na zamani, watau a matsayinsa na ginshiƙin da waƙa ɗungurungum take iya tsayuwa a kansa, sai sawun ya kai mu ga wani malamin coci na ƙasar Ingila mai suna Robert Lowth. Wannan malami ya rasu a 1787, lokacin da Bawa Jangwarzo yake sarautar Gobir a Alƙalawa, Shehu Usmanu kuwa yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara.

Lowth ya yi aikinsa ne a kan waƙoƙin Ibrananci na dā, waɗanda suke cikin littattafan addinin Yahudawa da Kirista, kamar Zabura da Ayuba da Karin Magana da Makoki da Ishaya. A nan za mu yi magana a kan waɗannan littattafai kamar yadda suke a hannun ma'abotansu, ta fuskar harshe da tsarin waƙa kawai. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a kawo tarihin mutumin, a nuna matsalar da ya tarar da yadda ya ɓullo mata, da inda ya dace da inda ya zarce, domin matsalar tana kama da wadda ke gaban mai nazarin waƙar baka a ƙasar Hausa.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Robert Lowth ran 27 ga Nuwamba, 1710, a birnin Wincesta da ke kudancin Ingila. Gidansu gidan malanta ne. Mahaifinsa, William Lowth, limamin coci ne wanda ya rubuta sharhi a kan littattafan annabawa, ciki har da Ishaya da Irmiya, saboda haka yaron ya tashi yana jin sunayen littattafan da za su zama aikin rayuwarsa. A 1722 aka sa shi Kwalejin Wincesta, inda ya ƙoshi da Latin da Girkanci, har ya fara tsara waƙoƙi tun yana ɗalibi. Daga nan ya wuce Sabuwar Kwaleji ta Jami'ar Oksfod a 1729, ya sami digirin farko a 1733, na biyu a 1737. Mutum ɗaya ne ya kafa makarantun nan biyu a ƙarni na 14, watau William na Wykeham, kuma Lowth ya saka masa da rubuta tarihinsa a 1758.

A 1741, bai wuce shekara 31 ba, aka zaɓe shi ya hau kujerar shaihun malamin waƙa ta Oksfod, wadda aka kafa a 1708. Bisa al'ada mai wannan kujera yakan yi laccocinsa da Latin, kuma abin da aka saba ji shi ne bayani a kan mawaƙan Girka da na Rum. Lowth ya bar wannan turba, ya ce shi a kan waƙoƙin Ibraniyawa zai yi magana, kuma zai dube su a matsayin waƙoƙi, ya bar hukuncin aƙida ga malaman tauhidi. A wancan zamani wannan ƙarfin hali ne, domin jama'a sun saba buɗe waɗannan littattafai don neman hujjar addini, ba su saba a tambaye su yadda aka jera ɗangayensu ba.

Matsalar da Ya Tarar

Ba wanda ya yi musun cewa akwai waƙa a cikin littattafan Ibrananci. Marubutan Yahudawa sun ba Zabura da Ayuba da Karin Magana alamomin rerawa dabam da na sauran littattafai, sun kuma rubuta waƙar Annabi Musa bayan ƙetare teku da wani tsari na musamman a kan shafi. Abin da ya gagara shi ne a faɗi ma'aunin da aka auna su da shi, ga shi kuwa ba su da ƙafiya tsayayya. Tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, masanin tarihin Yahudawa Josephus ya gaya wa masu karatunsa cewa Musa da Dawuda sun yi waƙa da karuruwan Girkawa. Jerome, wanda ya fassara littattafan zuwa Latin, shi ma ya ce haka game da Ayuba. Amma duk wanda ya gwada yanka ɗangayen bisa ƙafafun Girka sai ya ga ba su zauna ba.

Yahudawan Andalus sun fuskanci matsalar ta wata fuska da ɗalibin Hausa zai gane nan take. A ƙarni na 10 wani malami mai suna Dunash ɗan Labrat, wanda ya fito daga Fas ya zauna Ƙurɗuba, ya shigo da arulin Larabci cikin waƙar Ibrananci, kamar yadda malamanmu suka shigo da shi cikin rubutacciyar waƙar Hausa. Da aka saba da wannan sabon kari, sai tambaya ta taso: me ya sa Zabura ba ta bin sa? Musa ɗan Ezra na Garnaɗa ya rubuta littafi da Larabci yana nuna cewa adon maganar da Larabawa suke kira badi'i yana nan cikin tsofaffin littattafan. Yahuda Halevi kuwa ya ce mutanen dā sun ƙyale kari ne da gangan domin kada ya tauye ma'ana. Masu sharhi irin su Dawuda Kimhi sun lura da yadda ake maimaita ma'ana ɗaya da kalmomi dabam. Daga baya Azariya de Rossi na Mantuwa a Italiya, a littafinsa na 1573, ya ce abin da ake ƙirgawa a ɗangon Ibrananci shi ne yawan ma'anoni, ba yawan gaɓoɓi ba.

Duk da haka Turawa ba su daina neman karin ba. A 1637 Franciscus Gomarus ya fito da nasa tsari, wasu suka ce ai ƙafiya ce ta ɓoye, sa'an nan a 1736 Bishof Francis Hare ya buga Zabura gaba ɗaya a yanke bisa wani kari da ya ce ya gano. Domin ɗangayen su zauna masa, sai da ya riƙa sauya wasula, yana rage gaɓa a nan yana ƙara wata a can.

A nan ya kamata mu lura da abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Ibraniyawan dā babbaƙu kawai suke rubutawa, babu farfaru. Wasulan da ake gani yanzu wasu malamai ne da ake kira Masoret suka sa su, musamman a garin Ɗabariyya, tsakanin ƙarni na 7 da na 10, watau bayan ɗaruruwan shekaru da harshen ya daina zama na hira a gida da kasuwa. Kari kuwa a kan wasali da tsawon gaɓa yake tsayuwa. Hausawa sun ce inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, to haka malaman nan suka yi ta yi, kowa da karinsa, ba mai iya kayar da wani.

Laccocin Oksfod

Daga 1741 zuwa 1750 Lowth ya gabatar da laccoci 34, aka tara su aka buga a 1753 da sunan De Sacra Poesi Hebraeorum, watau a kan waƙoƙin Ibraniyawa masu tsarki. Shekara ɗaya bayan haka jami'ar ta ba shi digirin dakta saboda wannan littafi. Game da kari, matsayinsa a fili yake. Ya yarda Ibraniyawa suna da wani kari, amma tun da ainihin furucin harshen ya ɓace, ba mai iya dawo da shi, kuma duk wanda ya ce ya gano shi zato kawai yake yi. Saboda haka ya juya ga abin da ido yake iya gani a kan takarda, ko da wasula ko babu.

Ya kuma nace a kan cewa dole mai karatu ya sa kansa a matsayin mutanen da aka yi wa waƙar, ya san ƙasarsu da sana'arsu da ibadarsu da tarihinsu. Ya nuna cewa siffantawar waɗannan mawaƙa daga noma da kiwo take fitowa, daga masussuka da ƙaiƙayin da iska ke kwashewa, da wurin matse inabi, da fari da ambaliya. Alal misali, a littafin Ayuba an kamanta abokan da suka juya baya da rafin da yake cika da damina ya ƙafe da rani, ayari su zo da ƙishirwa su tarar da yashi. Ɗalibin Oksfod, wanda ruwa ba ya yanke wa ƙasarsu, sai an yi masa dogon bayani kafin ya ji zafin wannan kamance. Mutumin Zurmi da ya ga gulbi ya kawo a watan Agusta, ya kuma tona yashinsa neman ruwa a watan Maris, ba ya bukatar sharhi.

Bugu da ƙari, ya rarraba waƙoƙin zuwa na makoki da na koyarwa da na yabo da sauransu, ya auna littafin Ayuba da wasannin kwaikwayon Girkawa, ya ce ba irinsu ba ne, kuma ba aibi ba ne don bai zama irinsu ba. Amma babban abin da ya girgiza masu sauraro shi ne da'awarsa cewa yawancin maganganun annabawa, irin su Ishaya, waƙa ce, alhali kowa yana karanta su a matsayin zube, haka kuma ake buga su.

Jerin Sarƙe Iri Uku

Hujjarsa a kan wannan da'awa tana cikin lacca ta 19. Ya lura cewa ɗangon Ibrananci ba ya tafiya shi kaɗai. Ana kawo magana gajera, sai a biyo ta da wata mai kusan tsawonta wadda take amsa mata, kalma tana fuskantar kalma, ma'ana tana fuskantar ma'ana. Wannan ya kira da Latin parallelismus membrorum, watau jeruwar gaɓoɓin magana kafaɗa da kafaɗa, ya raba shi gida uku. Domin a gane su, ga wasu ɗangaye da aka ƙirƙira musamman don misali.

Na farko shi ne jerin daidaito, inda ɗango na biyu yake sake faɗin abin da na farko ya faɗa da wasu kalmomi:

Manomi ya riga rana fita,
Mai garma ya bar gida tun asuba.

Na biyu shi ne jerin bambanto, inda na biyu yake kawo kishiyar na farko. Lowth ya lura wannan ya fi yawa a littafin Karin Magana, mu ma kuwa a karin maganarmu muna cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari:

Mai haƙuri ya cika rumbu da gero,
Mai gaggawa ya sayar da gona tun bazara.

Na uku muna iya kiransa jerin gini, inda na biyu bai maimaita ba, bai kuma saɓa ba, sai dai ya ɗora a kan na farko, tsawonsu da ƙirarsu suna kama:

Ruwa ya sauka a Shinkafi da la'asar,
Kafin gari ya waye fadama ta cika.

Da aka tambayi yadda za a san inda ɗango ya fara da inda ya ƙare a rubutun da ba a yanka ba, sai ya koma ga waƙoƙin da aka jera bisa haruffan abajada na Ibrananci, waɗanda su 22 ne. Ya ƙirga irin waɗannan waƙoƙi 12, ciki har da Zabura ta 119 mai kashi 22, kowane kashi da aya 8, jimla 176, da surori huɗu na farkon Makoki. Tun da harafi ne yake nuna farkon ɗango ko baiti a cikinsu, ba sauran zato. Da ya duba ƙirar waɗannan ɗangaye tabbatattu, ya ga irinta ce a Ishaya, sai hujja ta tsaya.

Game da asalin wannan tsari, Lowth ya zaci ya fito ne daga rerawa ta ba-ni-in-ba-ka, ƙungiya ɗaya ta yi ɗango, ɗaya ta amsa, kamar yadda aka ba da labarin matan da suka fito taryar Ɗalutu da Dawuda bayan yaƙi. Wanda ya taɓa sauraron makaɗi da 'yan amshinsa, ko 'yan mata a dandali, ba zai yi mamakin wannan zato ba. Har ila yau ya lura da wani abu mai amfani ga masu fassara: tun da ginin yana cikin ma'ana da jeruwar jimla, waƙar Ibrananci ba ta rushewa idan aka juya ta zuwa wani harshe, saɓanin waƙar Girka ko ta Larabci da karinta yake zubewa. Wannan ne ya sa mai karanta Zabura a fassarar Hausa ta 1932, wadda Likita Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikinta, yake iya jin ɗango yana amsa wa ɗan'uwansa ko da bai san harafi ɗaya na Ibrananci ba.

Muƙamai, Nahawu da Jayayya

A 1750 aka naɗa shi babban mataimakin bishof a Wincesta, a 1752 ya auri Mary Jackson. A 1755 ya tafi Ailan tare da wakilin sarki, aka yi masa tayin kujerar bishof a can, ya gwammace ya koma Ingila ya karɓi muƙami a Daram. A 1766 ya zama bishof, a shekarar kuma aka mayar da shi Oksfod, sa'an nan a 1777 ya zama Bishof na Landan.

A tsakanin nan ne, a 1762, ya fitar da ɗan littafin nahawun Ingilishi wanda ya fara rubutawa domin ɗansa Thomas Henry da zai shiga makaranta. Littafin ya karɓu ƙwarai, aka yi ta sake buga shi, Lindley Murray kuma ya ɗebi da yawa daga cikinsa a nahawunsa na 1795 da ya cika makarantun Ingila da Amurka. A ƙasan shafuffuka Lowth ya riƙa kawo kurakuran manyan marubuta, bai bar Shakespeare da Milton ba. Saboda haka masana harshe na baya suka ɗauke shi uban masu kafa wa harshe doka, suna cewa da mudun Latin ya auna Ingilishi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko da yake shi da kansa ya soki masu tilasta wa Ingilishi bin ƙa'idar wani harshe, kuma binciken da Ingrid Tieken-Boon van Ostade ta buga a 2011 ya nuna an ɗora masa dokoki da yawa da ba shi ya kafa su ba.

Lowth mutum ne mai sanyin hali a zaman tare, amma alƙalaminsa yana da kaifi. Bishof William Warburton, wanda malaman zamanin suke shakkar bakinsa, ya riƙe cewa an rubuta littafin Ayuba ne a zamanin Uzairu, bayan komowar Yahudawa daga Babila. Lowth kuwa, bisa la'akari da harshen littafin, ya ce yana cikin mafiya tsufa. Warburton ya yi masa gori a rubuce, har ya taɓa jami'ar da ta koyar da shi. A 1765 Lowth ya mayar da martani da doguwar wasiƙa da aka buga, ya tuna masa cewa shi a ofishin lauya ya yi nasa koyon. Masu karatun zamanin sun ba Lowth nasara, amma abin lura shi ne yawancin masana na yau sun fi karkata ga cewa littafin Ayuba ba shi da tsufan da Lowth ya ba shi. Iya gardama dabam, dacewa da gaskiya dabam. A 1766 kuma ya fitar da cikakken raddi a kan karin Bishof Hare, wanda daga nan bai sake tashi ba.

Fassarar Ishaya da Ƙarshen Rayuwarsa

A 1778 ya buga sabuwar fassarar littafin Ishaya zuwa Ingilishi, ya yanka ta ɗango-ɗango domin ido ya ga abin da ya faɗa a Oksfod. A doguwar gabatarwar littafin ya sake bayanin jerin sarƙe, ya kuma kawo ra'ayin Azariya de Rossi, ya yarda cewa wannan malamin Bayahude ya riga shi hango hanyar. Ya nuna cewa jerin sarƙe makami ne na fassara: idan kalma ta yi wuya a ɗango na biyu, sai a dubi takwararta a na farko, ita za ta haska ma'anarta.

To, a nan ne kuma ya zarce. Da yake bai amince da wasulan Masoret ba, kuma abokinsa Benjamin Kennicott yana ta gwada ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu yana fito da saɓaninsu, sai Lowth ya riƙa gyara matanin Ishaya a wurare da yawa. Wani gyaran yana da madogara a tsofaffin fassarori, wani kuwa dalilinsa kawai shi ne ɗangon bai yi daidai da ɗan'uwansa yadda ƙa'idarsa take so ba. Abin da ya hana Hare yi saboda kari, shi ya yi saboda jerin sarƙe. A 1947 aka gano naɗaɗɗen littafin Ishaya a kogunan Ƙumran kusa da Tekun Gishiri, wanda ya girmi rubuce-rubucen Masoret da kimanin shekara 1,000, aka ga a mafi yawan wurare ya dace da matanin da aka gada. Ashe masu kwafa sun fi riƙon amana fiye da yadda ya zata.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da baƙin ciki. 'Yarsa Mary ta rasu a 1768, ɗansa Thomas Henry, wanda aka yi nahawu dominsa, ya rasu a 1778, shekarar da Ishaya ya fito, wata 'yar kuma, Frances, ta rasu farat ɗaya a 1783. A wannan shekara aka yi masa tayin kujerar Kantabari, mafi girma a Cocin Ingila, ya ƙi karɓa saboda rashin lafiya. Ya rasu ran 3 ga Nuwamba, 1787, yana da shekara 76, aka binne shi a Fulam. A shekarar ne George Gregory ya fitar da laccocinsa da Ingilishi.

Bayan Rasuwarsa

Tun yana raye littafin ya ƙetara Jamus, inda Johann David Michaelis na Gotingen ya sake buga shi daga 1758 da ƙarin bayani, Herder kuma ya rubuta nasa littafi a kan ruhin waƙar Ibrananci a 1782 da 1783. Yau yawancin fassarori suna buga maganar annabawa ɗango-ɗango, kuma ana ƙiyasta cewa kusan sulusin littattafan Ibrananci waƙa ne. Allunan yumɓu da aka fara tonowa a Ugarit ta ƙasar Sham a 1929 sun nuna cewa maƙwabtan Ibraniyawa ma da wannan tsari suke waƙa, tun kafin zamanin Dawuda. Roman Jakobson a 1966 ya faɗaɗa maganar, ya nuna jerin sarƙe a waƙoƙin baka na Rasha, ya ce yana aiki a sauti da ƙirar kalma da ginin jimla.

Suka ma ba ta rasa ba. Masana sun daɗe suna cewa kashi na uku ya zama kwandon da ake zuba duk abin da ya ƙi shiga biyun farko. James Kugel a 1981 da Robert Alter a 1985 sun taɓa har kashi na farko, suka ce ɗango na biyu ba ya tsayawa ga maimaici, kullum yana ƙara wani abu, ko ya tsananta, ko ya fayyace. Idan muka koma ga misalinmu za mu ga gaskiyarsu: na farko ya ce manomi, na biyu ya sa masa garma a kafaɗa, na farko ya ce kafin rana, na biyu ya tsayar da lokacin, ya ce asuba. Ɗalibin da ya rubuta jerin daidaito ya wuce, bai faɗi abin da ɗango na biyu ya ƙara ba, rabin aiki ya yi.

Kammalawa

Rubutacciyar waƙar Hausa ta sami masu auna ta da wuri. Joseph Greenberg a 1949 da M. K. M. Galadanci a 1975 sun nuna yadda take hawa karuruwan Larabci, mudun kuwa ya dace da ita domin da shi aka auna ta tun farko. Waƙar baka ce take cikin halin da Lowth ya tarar da Ishaya. Idan aka rubuta waƙar makaɗin fada a takarda, ɗangayenta ba su daidaita a tsawo ba, ƙafiya ba ta tsaya ba, mai gaggawa sai ya ce ba ta da tsari. Tsarin yana nan a cikin kiɗa, da gindin waƙa da ɗiyanta, da karɓin 'yan amshi, da jerin sarƙe. Ɗalhatu Muhammad ya yi irin aikin Lowth sa'ad da ya nuna a 1980 cewa karin sautin ƙarshen ɗango yana iya zama amsa-amo, abin da arulin Larabci ba shi da ma'aunin kama shi. Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun ba mu kalmomin aiki da Hausa.

Ƙasar da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙasar makaɗa ce, na fada da na noma da na maza. A Tubali, kusa da Shinkafi, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, mai Bakandamiya. Muna da abin da Lowth ya rasa, domin muryar Narambaɗa tana nan a faifai, kuma har yanzu akwai dattawan da bakinsu irin nasa ne. Amma muna iya ɓatar da shi da hannunmu. Ɗalibin da ya ji makaɗi ya ce munka ya rubuta muka, ko ya ji yac ce ya rubuta ya ce, don ya bi daidaitacciyar Hausa, ya sauya nauyin gaɓa ko ƙirarta, ya bar wa na baya rubutun da ba za a iya auna shi ba. Wanda kuma ya gyara ɗango don ya ga bai yi daidai da ɗan'uwansa ba, ya maimaita kuskuren Lowth a Ishaya.

Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya addabi arewacin Zamfara tun wajen 2011 ya tarwatsa ƙauyuka da dama, tsofaffin 'yan amshi da masu sanin waɗanda aka ambata a waƙoƙi suna ta ƙarewa. Saboda haka aikin da ke kan ɗaliban wannan sashe, musamman 'yan wannan yanki, shi ne su ɗauki murya tare da kiɗa, su rubuta yadda aka furta, su tambayi ma'anar kirari da sunayen wurare tun akwai masu amsawa, sa'an nan su nemi ma'aunin waƙar daga cikinta. Ibraniyawa sun bar babbaƙu, malamai suka shekara kusan 2,000 suna gardama a kan karin. Mu da muke da farfarun a kunnenmu ba mu da uzurin barin jikokinmu cikin irin wannan gardama.